A Cire Kwaɗon Da Aka Sa Wa Masu Barin Giya

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin ɗakin taron unguwarmu, Jibiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya tare da iyalinka. Ranka ya daɗe, na zo gidanka aka ce kana kasuwa, na aika yayana aka ce ya dawo wani lokaci. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda kai ma a fili ka yi maganarmu.

Ni ce Hajara mai ɗinki, matar Sale direba da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi.

Na farko, ka san yadda muka zo nan. Lokacin da aka rufe boda mota ta tsaya, Sale ya koma zaman tasha ba aikin fari bare na baƙi. A nan ya koyi shan giyar leda. Da aka buɗe hanya, mai motar ya ji warin bakinsa ya karɓe makulli. Na yi rubutu, na yi sassaƙe, na kai shi asibiti a Katsina. Wata nas ce ta gaya mini gaskiya, ta ce magani zai kwantar masa da karkarwa, amma abin da ke riƙe mutum shi ne ya riƙa zama da waɗanda suka sha suka bari. Na tambaye ta ina ake irin wannan zama, ta ce ita dai a manyan birane ta ji ana yi. Na bi tambaya har kunya ta ƙare mini. Zaman da aka nuna mana a waya da Turanci ake yin sa, Sale ya saurara kaɗan ya miƙo mini wayar.

Ashe abin yana kusa. Malam Iro mai faci a hanyar Magama, wanda ya bar giya tun kafin a yi aurena, shi ya ce Sale ya zo su zauna. Daga su biyu suka ƙaru. Da shagon faci ya yi musu kaɗan, kai da kanka ka ba su ɗakin taro, ranar Alhamis bayan la'asar. Ba na mance wannan alheri. Daminar bara da ta bana duk Sale ya yi su bakinsa tsaf, aka mayar masa da mota, 'yarmu ta daina ɓuya in ta ji sallamarsa.

Na biyu, abin da ka yi. Wani ya kai maka cewa mashaya sun mai da ɗakin unguwa matattara. Ba ka kira Malam Iro ba, ba ka leƙa ka ga abin da ake yi ba. Ka sa kwaɗo, sannan bayan sallar Juma'a ka tsaya cikin mutane ka ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Alhaji, akwai wanda ko mahaifiyarsa ba ta san ya taɓa sha ba. Daga bakinka ta ji. Abin da ake sha a ɗakin nan shayi ne, ni nake dafa shi in aika.

Na uku, abin da ya biyo baya. Akwai Lawal, manomi daga Daddara, da ke hawo babur kowace Alhamis duk da halin da hanya take ciki. Da sunansa ya kai ƙauyensu, surukinsa ya zo ya tafi da matarsa. Lawal ya koma sha. Makon jiya aka tsince shi a gefen titi da karyayyar ƙafa, yanzu yana kwance. Sale ya je dubiya ya dawo bai ci abinci ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Hajara, in na ƙetara gobe ban san wanda zai dawo miki ba." Ka san a can Maraɗi giya ba a ɓoye take ba, kuma abokansa na da suna nan. Duk ranar da ya yi lodi, in na ji tsayuwar mota sai in tsaya ina kallon yadda zai taka ƙasa.

Na san giya haramun ce, su ma sun sani, shi ya sa suke gudunta. Wanda ke gudu ya nufo ƙofarka, ba shi ne za ka rufe wa ba.

Roƙona uku ne. Ka buɗe ɗakin kafin Alhamis. Ka koma inda ka ambace su ka gyara maganarka. Sannan ka je ka duba Lawal, ka sa baki wajen surukinsa, don maganarka ce ta raba gidan, ita ce kuma za a saurara.

In ɗakin bai buɗu ba, na gaya wa Malam Iro su zo zaurenmu. Na san abin da za a ce da ni a unguwa, na kuma yarda in ɗauka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da shugabancin nan lafiya, ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Wassalam.

Hajara matar Sale, Jibiya.