Dokin Ƙofar Anti Hilda

Layin Masaƙa, Lancashire

Zuwa ga Anti Hilda,

Ki gafarce ni da na dame ki, ga ki da jinya. Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar tana sauƙi.

Bayan haka, hukumar adana tsofaffin gine-gine ta ba da amsa, ta ƙi. Ma'aikacinsu ya zo ya duba ƙofarki, ya ce ko da faɗin yatsa ba za a ƙara mata ba, dutsen dokin ƙofa kuma ba a taɓa shi, tunda gidajen ma'aikatan masaƙa ne tun zamanin Sarauniya Victoria. Na ce masa keken guragunki ba ya wucewa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Doka ce, uwargida." Ban gaya masa ke ce kika zauna gaban motar rusau har aka kafa dokar ba. Nauyi na ji.

Ina buɗe tagoginki kowace Juma'a, ina hura wuta saboda danshi. Tun da ɗanki Clive ya tafi da ke, bangon da ke tsakaninmu ya yi shiru. Har yanzu idan na idar da sallar asuba nakan ƙwanƙwasa miki bangon, sai daga baya in tuna.

Ki huta lafiya.
Maƙwabciyarki, Shagufta

Gidan Clive, Kent

Shagufta, 'yar nan,

Ina gaishe ki. Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba.

Yaron hukumar nan ya yi daidai! Da ya yarda, da na rarrafo na kwaɗa masa sanda. Kwarmin nan da ke jikin dutsen, takalman katakon kakata da na uwata ne suka cinye shi, suna sammakon masaƙa. Ni kuma na goge shi kowace Asabar har gwiwoyina suka ƙare. Kada wanda ya fasa mini.

Amma ki ji. Clive ya ce gidan da ba na iya shiga ba gida ba ne, zai sa shi kasuwa bayan bikin Ista. Nan ƙofar ɗakina faɗi sai ka ce ta garejin mota, bango kuwa kauri, ko mutuwa na yi ba mai ji. Shayin matarsa kamar ruwan wanke-wanke. So nake in ji tarin mijinki ta bango, in zage shi, in yi barci.

Kada ki yi mini kuka a takarda, dama da ƙyar nake karantawa.

Tsohuwarki, Hilda

Layin Masaƙa

Anti Hilda,

Gaisuwa da girmamawa. Jiya mun gwada wani abu. Keke ba ya shiga, amma kujerar kicin tana shiga. Na zauna a kai, mijina da Derek mai gyaran rufi suka ɗaga ni, suka tsallake dutsen, ina ta salati. Derek ya ce, "Kai, Shagufta! Hilda ai ba ta kai rabinki ba, da hannu ɗaya zan ɗauke ta." Gwiwata ce kawai ta ɗan bugu. Mun sauko da gadonki ƙasa, jikin taga, inda za ki riƙa ganin layi.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, Allah yana gani: idan kin shiga, ba za ki ƙara fita da kanki ba. Ko hantsi kike son sha, sai kin jira maza biyu. Can kina da lambu, ga asibiti kusa. Nan ɗaki ɗaya ne, sai mu. Ni na san abin da zuciyata ke so, shi ya sa ba zan ba ki shawara ba.

Don Allah ki amsa da wuri, kafin Clive ya kira dillali.

Taki, Shagufta