Madarar Saniyata da Jikana Bakwaini

Daren Alhamis, unguwar Gumani

Zuwa ga Malam mai koya mana rubutu da dattawan unguwa, gaisuwa da ban girma. Ni Alhaji Buba mai shanu nake rubutawa da hannuna.

Yau aka sallamo jikana daga asibiti. Bakwaini ne, ciwon hanji ya kama shi har aka yi masa aiki. Bisa al'adar gidanmu, na tatsi babbar saniyata, na kawo madara a ƙoƙo a ɗanɗana masa.

'Yata Hajara ta tare ƙofa, ta ce, "Baba, nas ta ce jikin yaron da ya yi wannan ciwo yana iya ƙin madarar shanu, ya yi ƙuraje da amai, har jini a kashi. Nonona kawai zai sha."

Na ce, "Madarar da ta raine ki?"

Ta ce, "Ni ba a yanka cikina ba, Baba."

Ban taɓa ganin ƙarfin zuciya irin nata ba. Ai jinina ce. Na haƙura, na shanye madarar da kaina a tsaye.

Shaidu su ne Inna Ladi, da Yakubu mai babur, da Iddrisu mijin Hajara.