Keken Ɗinkin Da Na Ƙi Zubarwa

Daren Talata, Balsall Heath, hunturun da council ta rufe mana ɗakin taro.

Yau na yi galaba a kan ɗana Sani. Kullum sai ya ce, "Baba, tsohon keken nan ya cinye mana flat, mu kai shi bola." Na ƙi.

Ɗazu maƙwabcinmu Malam Rashid ya shigo. Girgizar ƙasa ta rushe shagon ƙanensa tela a ƙasarsu, dutse ya binne gonaki, idon ruwansu ya ƙafe. Babu wuta, sai keken ƙafa irin nawa ne zai yi masa aiki.

Na ce ya ɗauka. Can Sani ya ce shi zai aika.

Da safe zan zuba wa keken mai, in ɗinke wandon Sani na ban kwana.