Injin Markaɗe a Kunnen Mama

Laraba da dare, Wuse

Yau dai na ɗauki sautin jitata ta lantarki ban kunna sifika ba. Na jona ta kai tsaye da kwamfuta, gurnaninta yana fitowa ta hedifon kawai. Ƙarar janaretan maƙwabta ba ta shiga ba, mai gidan haya ma bai buga ƙofa ba.

Mama, wadda ta zo ganin likita ta sauka a wurina, ƙarar tsirkiyar kawai take ji. Ta ce, "Saboda wannan ƙis-ƙis ɗin ka bar aikinka a unguwar Idu?"

Na sa mata hedifon. Ta zabura, ta ce kamar injin markaɗe ya ci dutse. Na miƙa hannu zan cire, ta buge shi.

"Bari ya gama markaɗen tukuna."