Wutar daji na zagaye gidan Innata, mijina ya ce inshora haramun ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Ni matar aure ce, muna zaune a Abbasiya nan Alƙahira. Mijina yana digiri na biyu a fannin fiƙihu, ni kuma ina ɗan sarin abaya da turare ina aikawa gida ta hannun ɗalibai masu tafiya hutu, duk da tun da aka sa dokar hana fita ɗin nan saboda annoba kasuwar ta ja baya. Mahaifiyata, Inna, tana ƙauyenmu a Najeriya, gidanmu ne na ƙarshe a bakin daji. Duk shekara da ciyawa ta bushe masu farautar gafiya sai su cinna wa daji wuta, ba ruwansu da inda iska za ta kai ta. Da Baba yana raye shi yake riga su, tun ciyawa da sauran ɗanyenta zai share kewayen gida ya ƙone da hannunsa, in wuta ta iso ba ta samun abin ci. Baba ya rasu. Bara ba wanda ya tuna da wannan aikin, wuta ta shigo ta cinye rumbu da ɗakin awaki, har da awakin, Inna ta tsira da ƙuna a hannu. A waya na ji, na yi kuka har na gode Allah.

Yayana ya sa an share bana, amma maƙwabta sun tashi, gonakinsu sun koma daji, ciyawa ta fi mutum tsawo. Inna kuwa ta ce ba za ta bar ɗakin mijinta ba ko za a yi me. Shi ne Yaya ya shiga yawon kamfanonin inshora a birni, ko don in ta sake faruwa a samu abin sake gini. Da sun ji bakin daji da rufin jinka sai su ce a'a. Masu takaful, irin wadda malamai suka yarda da ita, suka ce ba sa zuwa can. Kamfani ɗaya ne ya amince, da sharaɗin a mayar da rufin na kwano, kuɗin da suka yanka kuma ya fi ƙarfin Yaya shi kaɗai. Ya ce in kawo nawa.

Ina da shi, 'yar ribar abayata ce. Amma mijina ya ce bai yarda ba, inshora irin wannan gharari ce, sayen abin da ba a san ko zai faru ba, dangin caca. Kuma rubutun digirinsa gaba ɗaya a kan haramcinta yake. Na roƙe shi ya tambayi shehinsa a unguwar Darrasa, ya je, ya dawo bai ɓoye mini ba, ya ce shehin ya ce akwai saɓani, wasu sun halatta in larura ta kama. Amma shi mijin nawa ya ce zuciyarsa ba ta natsu ba, da wane baki zai tsaya gaban malamai ya kare abin da gidansa ya saɓa. Ba mugu ba ne wallahi, ya ce in aika kuɗin a yi rufin kwano ya yarda, inshorar ce khalas, magana ta ƙare, kar in sake tayar da zancen. Yaya kuma ya yi fushi, ya ce mu muna ƙasar malamai a bene, uwa tana bakin wuta.

Jiya na kira Inna, ta ce an fara ganin hayaƙi ta gabas. Tana dariya ta ce kar in damu, ta sa an kwashe kayan ɗakina da take ajiye mini, akwatuna da kwanuka, an kai gidan ƙanwarta cikin gari, ba abin da zai same su. Na ce to ke fa Inna? Ta ce ita tana nan.

'Yan uwa, in aika a ɓoye in saɓa wa mijina, ko in bi shi in zuba ido? Ku faɗa mini gaskiya, ni na rasa ta yi.