Akwatin Giyar Wawa

Ringkøbing, 9 ga Maris, 1987

Gunvor tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Ni lafiyata lau, in ban da hannun dama da ya kumbura, shi ya sa rubutun ya zama kamar kaza ta yi tono a takarda. Rigar sanyin ta iso, gandiroba ya miƙo mini. Na laluba aljihunta ban sami ko layi ɗaya daga gare ki ba, na kuma gane.

Kin ji labarin a bakin kowa a gari, to ki ji a nawa. Ranar Talata muka saukar da jirgin kamun kifin da muka yi wata biyu muna gyara. Bai yi minti goma a ruwa ba ya fara sha, ashe ƙanena Ejvind ya manta bai mayar da toshiyar ramin ƙasan jirgin ba. Ko injin bai jiƙe ba, muka jawo shi muka kwashe ruwan. Kin san hukuncin irin wannan a wajenmu: kvajebajer, giyar wawa. Ka sayo akwatin giya guda ranar Juma'a, a sha, a yi maka dariya, magana ta mutu. Ni kaina sau huɗu na saya.

Ƙanena ya kawo akwatinsa, har da ɗokinsa. Tun da ya dawo daga asibitin masu taɓin hankali wata bakwai da suka wuce, ran nan ne aka fara yi da shi kamar kowa. Ya buɗe wa kowa kwalba, shi ya riƙe lemo, don maganin da yake sha ba ya shiri da giya.

Sai shugabanmu Preben ya ce ai ba haka ake yi ba, mai laifi shi ke fara sha, a tsaye a kan akwati. "Hau mana, torsk, dolon kifi. Ko ɓerayen da ke silin kanka ne ba sa shan giya?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, Gunvor. Wata bakwai ina yin dariyar nan, a ce masa torsk, a ce notinsa ya kwance, ina gaya wa kaina ai haka muke ce wa kowa. Gaskiya ne, amma a cikinmu shi kaɗai aka taɓa ɗaurewa a gadon asibiti.

Ya hau akwatin yana murmushi, ya ce shi dai ba zai sha ba. Mutum biyu suka riƙe masa hannuwa. Preben ya damƙi haɓarsa ya cusa masa bakin kwalba, na ji ƙarar gilashi a haƙori. Giya da jini suna gangarowa rigarsa. Bai yi ihu ba, ido kawai ya juyo yana nemana.

Gudumar katakon da nake cushe jirgi da ita tana kan benci. Na ɗauke ta na yi kan Preben. Ta farko a gefen fuska ta same shi, ya durƙushe. Da na tsaya nan da sauƙi, amma ban tsaya ba. Sun ce sau biyar, ni uku na sani. Sai da suka danne ni, wani ya taka mini hannu da takalmin aiki har na saki. Da na ɗago, Preben yana kwance cikin garin katako yana tofar da haƙora.

Ki gaida yara. Ki leƙa Ejvind, ki tabbatar yana shan maganinsa.

Naki,
Tage

Ringkøbing, 23 ga Maris

Gunvor tawa,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta zo. Shafi uku na zagi, na karanta sau biyu da jin daɗi, don ta fi shirun. Kin ce ni ne mai ɓerayen a gidanmu. Ban musa ba.

Idon Preben na hagu ya tafi, likitoci sun cire shi. Shekara goma sha ɗaya muna cin baƙin burodinmu a benci ɗaya, shi ya ɗauko gawar Baba tare da ni. Ina tsanarsa, kuma abin da na yi masa yana hana ni cin abinci.

Lauya ya ce ina fuskantar shekara biyu. Duk mutanen wurin aiki sun shaida wa 'yan sanda cewa wasa ake yi, al'ada ce, ni na haukace haka kawai. Ba wanda ya ga an riƙe hannun kowa. Mutum ɗaya ya rage da zai faɗi gaskiya, kuma in ya faɗa, hukuncin zai iya raguwa da rabi. Na san abin da kike so ke nan, kin rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Ba zan yarda ba. In Ejvind ya tsaya a kotu, za a buɗe takardunsa na asibiti a gaban rabin gari. Za a tambaye shi ko har yanzu yana jin muryoyi, ko ya tabbata abin da ya gani ya faru. Zai rushe, Gunvor, a mayar da shi can. Na gaya wa lauya ya cire sunansa. Ki yi haƙuri, na san ke za ki ɗauki nauyin gida ke kaɗai.

Mijinki mai taurin kai,
Tage

Ringkøbing, 6 ga Afrilu

Gunvor tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Ban sani ba ko ke kika turo shi, in ke ce kada ki gaya mini.

Ejvind ya zo jiya. Shi kaɗai ya hau bas, ya yi aski, haƙorinsa na gaba a karye. Na fara tambayarsa magani, ya daki tebur da tafin hannu har gandiroba ya miƙe. Ban taɓa ganin ya daki ko ƙuda ba.

"Wa ya ce maka ba zan iya ba?" in ji shi. Na ce don kare shi na yi. Ya ce, "Ka tambaye ni? Ran nan ma da na kalle ka, so nake ka buɗe baki ka ce su bari. Kalma biyu, Tage. Wata bakwai ba ka faɗa ba, sai ka ɗauko guduma. Preben a fuskata yake ce mini mahaukaci. Kai ba ka taɓa faɗa ba, amma ka fi shi yarda da maganar."

 Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da aka saka mini ankwa a gaban mutane. Ya ce a karanta takardun, ai shi ya kwanta a gadon, ya san abin da ke ciki. Hannunsa yana kan tebur, na miƙa nawa zan riƙe, ya janye.

Yau da safe na sa lauya ya mayar da sunansa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Zai iya tsayawa, zai iya rushewa a gabansu, kuma ko wanne ne ba ni da ta cewa.

Jibi Laraba ƙarfe tara za a shiga kotu. Ki zauna inda zai gan ki. In suka yi dariya kada ki tashi, in ya yi shiru kada ki amsa masa. Ki bar shi ya gama maganarsa.

Naki har kullum,
Tage