Goron Sunan da Tamba Ya Mayar

Argungu,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Labbo, a Baga.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Albishirinka! Hure matar ɗana Albashir ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, jawur da ita, ga kuka kamar ana yanka ta. Na yi jika, Labbo! Ni da kaina nake rubuta maka, da hannun da ajin yamma ya koya wa riƙon biro bayan furfura, don haka ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Sai dai murnar tawa da tsakuwa a ciki. Da rani wasu malaman jami'a suka zo duba kifin gulbinmu, Albashir ya riƙa tuƙa su a jirgi. A ƙofar Sarkin Ruwa babbansu ya tashi ya ce sun zo yin bincike a kan masunta. Ka san mu nan, ɗan sanda ke bincike, a gidan ɓarawo. Kafin la'asar rabin gari ya tura komarsa ƙarƙashin gado. Albashir ya yi ta rantsuwa cewa a bakin 'yan boko bincike karatu yake nufi, har mutane suka saki jiki suka fito da kayansu. Malaman suka auna idon kowace koma, suka tambayi sunan mai ita, suka ce za su dawo su faɗa mana abin da suka gano. Ba su dawo ba.

Waɗanda suka zo daga baya ma'aikata ne daga Birnin Kebbi. Suka kwashe duk koma mai ƙaramin ido, wai doka ta hana ta, suka cinna mata wuta a bakin ruwa, har da ta Tamba maƙwabcinmu, wadda yake ci da gidansa da ita. Ko malaman ne suka ba da sunaye, ko hukuma ta zo da kanta, Allah ne masani. Na hau mota har Birni neman babban malamin nan, na bi ofisoshi ina karanta allunan ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Wani akawu ya tambaye ni sunan malamin, na ce Dakta muke kiransa. Ya yi dariya ya ce Daktoci sun fi kifin Argungu yawa.

Yanzu in Albashir ya iso mashigi sai hira ta mutu. An tsinke igiyar jirginsa, sai can gangare muka tsince shi. Jiya muka raba goron suna. Tamba, wanda muka yi kaciya tare, ya maido nasa ta hannun matarsa, ya ce a gaya mini haƙoransa ba sa iya goron gidan masu bincike. Hodi wanzami kuma ya ce yana da tafiya ranar, shi da bai taɓa ƙetare Augie da ke nan kusa da mu ba.

Don haka ina roƙonka, ka tanadar wa Albashir wuri a jirginka. Da an yanka rago zan sa shi mota, ko yana so ko ba ya so. Gara ɗiyar ta girma tana jin labarin ubanta yana nesa, da ta girma tana ganin gari na gudunsa.

Ka gaida Balaraba da Sakinatu da Mujtaba. Matata Maryamu tana gaishe ku, ta ce a sa mu a addu'a. In mutanen garinmu da ke nan sun tambaye ka, ka ce neman kifi ya kawo shi.

Wanka,
Dankure